Shekarar da Aka Rataya Mini Bindiga

Rifkatu, ke ce kika tambaye ni a Kirsimetin da ya wuce, a gaban mijinki, ko da gaske ne na taɓa yawo da bindiga a ƙugu. Na yi dariya na ce a ƙara mini shinkafa. Ba raina tambayarki na yi ba. Amsar ce ta fi ƙarfin teburin cin abinci, kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. Yanzu na nemi izinin wadda muka haɗa labarin da ita, ta ce in rubuta, don haka ke da ƙannenki ku ji shi daga bakina kafin ku ci gaba da jinsa a bakin mutanen unguwa.

Aikina kun san shi. Malamin dabbobi ne ni, ko da yake kowa Dokta yake ce mini, ni kuma ban taɓa hana su ba. Ofishinmu yana Kafanchan, amma rabin rayuwata a kan mashin na yi ta, da kular allura ɗaure a baya, daga Madakiya zuwa Kagoma, wani lokaci har gefen Kachia. Da safe in duba aladun wani dattijon coci, kafin rana ta karkata ina cikin ruga ina yi wa shanu allurar ciwon huhu. A cikin rugagen nan babu wadda na saba da ita kamar ta Ardo Jabbi, bayan wani tsauni idan ka wuce Madakiya ka haye rafi. Dogon tsoho ne, mai ƙarancin magana. Ranar da wata saniyarsa ta harbe ni ta karya mini wuyan hannun dama, shi ya ɗora mini da kara da tsumma kafin a kai ni asibiti. Hannun ya warke, amma bai ƙara komawa da ƙarfinsa ba. Tun daga ranar nake shiga rugarsa ba sai an yi mini iso ba.

Sai shekarar rikicin nan ta zo. Ba zan lissafa ƙauyukan da aka ƙona ba, ko rugagen da aka tasa, domin kowane ɓangare yana da nasa matattun, kuma ba a ba ni aikin alƙalanci ba. Abin da zan faɗa muku shi ne yadda idon mutane ya canja a kaina. A coci, idan na zauna a benci, sai hirar da ake yi kafin sujada ta mutu. A ruga, samarin da a da suke tsokanata da Hausa sai suka koma Fillanci zalla da zarar na kashe mashin. Nan ana ganin ni ne mai kai musu labarin garinmu, can ana ganin ni ne mai ƙirga musu shanu da bukkoki in kai wa mutanena. Ni ma ban tsira daga cutar ba. Idan mutum ya gaishe ni da fara'a, sai in wuni ina tambayar kaina me yake nema.

Wata Talata ina dawowa, samarinmu suka tare ni a shingen da suka kafa da itace a hanyar Madakiya. Yawancinsu na san iyayensu. Ɗaya ya matso ya kama rigata ya shinshina.

"Baba, kana warin su," ya ce.

Suka kwance kular, suka zubar da alluran a ƙasa suna cewa su ga abin da nake kai wa. Wani ya ɗora mini adda a kafaɗa, ba da kaifin ba, da bayanta, ya bar ta a nan har sai da na ji sanyin ƙarfen ta cikin riga. Da suka gaji suka sake ni. Na tsince abin da ya rage na alluran, na kama hanyar gida.

Labarin ya kai kunnen kawunku Sajan Yohanna, yayan mamanku, wanda ya bar soja ya koma noman citta a Kagoma. Ya aiko in je. Na same shi da rana a rumfar da yake shanya citta, tare da wani mutum mai tabarau da ban taɓa gani ba. Sajan ya ce sunansa Danjuma, amma na lura duk lokacin da aka kira sunan sai ya ɗan jinkirta kafin ya waiga, kamar rigar aro ce bai saba da ita ba. Mutumin ya zura hannu cikin wani buhun citta, ya fito da ƙunshin tsohon zane, ya warware a kan tabarma. Ƙananan bindigogi ne guda biyu, irin na hannu. Ɗaya ba ta wuce tafin hannuna ba. Ɗayar ta fi ta tsawo da kauri. Ya ajiye harsashin kowace a gefenta: na ƙaramar kamar ƙwayar gyaɗa, na babbar kamar gaɓar ɗan yatsana.

"Dokta, zaɓi ya rage naka," in ji Danjuma. "Wannan ƙarama, ka sa a ƙugu ka saki riga, ko matarka ba zai sani ba. Ba nauyi, ba ya ture hannu. Daidai da mai yawon mashin kamar kai, musamman ranar Talata da kake haye rafin nan."

Ban gaya masa ina haye rafi ba, balle ranar. Na dubi Sajan, shi kuma yana duban bindigogin.

"Rabu da wannan abin wasan yara, suruki," Sajan ya ce. "Na ga mutumin da aka zuba wa irin wannan har ya iso ya sari wanda ya harbe shi. In za ka riƙe, riƙe wanda in ya yi magana sau ɗaya an gama. Ɗauki babban."

Ya ɗora mini ita a hannu. Wuyan hannun nan da saniya ta karya ya amsa nan take. Na ce masa ko sirinjin shanu sai na haɗa da hagu nake iya dannawa, yaya zan yi da abin da yake ture mai shi?

"Za ka koya."

"Kuma ta yi tudu a riga. Duk wanda ya kalle ni zai gani."

"To ai shi ya sa na ce ƙarama," Danjuma ya karɓe. "Abin ɓoyo, ɓoyo ake nema."

Haka suka sa ni a tsakiya, ɗaya yana yabon nauyi, ɗaya yana yabon rashinsa. Na tambayi lasisi. Danjuma ya yi dariya ya ce irin wannan ba a ba farar hula takardarta, takardarta ita ce bakinka a rufe. Wannan dariyar ce ta ƙara mini zargi. Na fara tunanin ko ɗan leƙen asiri ne aka turo a ga wa zai saya. Ko kuma yau ya sayar mini, gobe ya haye rafi ya sayar wa wancan ɓangaren, har ya ƙara musu da labarina kyauta. Har Sajan sai da na yi masa wani kallo, ina tambayar kaina me zai samu a ciki. Na ce su ba ni lokaci in yi shawara. Danjuma ya naɗe zanensa ba tare da ya ɓata rai ba, wannan ma ya dame ni.

Na tarar da mamanku a tsakar gida tana wanke acca. Na ja kujera na faɗa mata komai, har girman harsasan. Ba ta ɗago ba sai da ta tsiyaye ruwan.

"Baban Rifkatu, wa za ka harba?"

Na ce duk wanda ya nemi raina.

"Wanda ya ɗora maka adda, ni na koya masa haddar aya a makarantar Lahadi. Shi za ka harba? Ko yaran Ardo?"

Ta ci gaba da aikinta, can sai ta sake tambaya, a hankali, kamar da kanta take magana.

"Amma in sun san kana da ita, za su sake tare ka?"

Na ce da wuya. Ta ce to, ta tashi ta ɗora tukunya. A lokacin na ɗauka maganar ta ƙare a nan.

Na yi kwanaki ina juya abin. Ni mutum ne da ya sha tono harsashi daga jikin saniya, na san abin da ƙarami yake yi da abin da babba yake yi, ba a bakin wani na ji ba. Ƙaramin yakan shiga ya ɓuya, dabbar ta yi ta yawo da shi tana ruɓewa a hankali. Babban yakan farfasa ƙashi har ka rasa abin da za ka ɗinke. Na yi ta ƙoƙarin ɗora ɗayan biyun a kan fuskar wani da na sani, ko a shinge ko a ruga, na kasa. Ga doka, ga hannu mara ƙarfi, ga mutumin da ya san ranar da nake haye rafi. Na koma Kagoma na ce wa Sajan na gode, ba na so, ba babbar ba, ba ƙaramar ba. Ya ce na kunyata shi a gaban baƙo, kuma ranar da aka kawo gawata kada ƙanwarsa ta zo masa da kuka. Muka rabu a haka. To ku ji da kyau: ban saya ba, ban ara ba, ban ƙara taɓa bindiga ba tun daga rumfar nan.

Abin mamaki, ba a jima ba sai hanya ta buɗe mini. Na iso shingen samarin nan, tun daga nesa suka janye itacen. Babu mai kallon fuskata, duk idonsu yana kan ƙuguna. Wanda ya shinshina rigata har da cewa a sauka lafiya, Baba. A ofis, masinja ya daina tsayawa a bayana. Ranar Lahadi bayan sujada fasto ya ja ni gefe, ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

"Dattijo, ba zan tambaye ka komai ba. Roƙona ɗaya ne, kada ka riƙa shigo da ita ɗakin Ubangiji."

Na ce wace? Ya kalli ƙuguna. Na ɗaga rigata a gabansa, har singileti, na juya masa baya.

"Madalla," ya ce. "Ka ci gaba da barinta a gida."

A nan na gane irin ramin da na faɗa. Abin da aka ce ɓoye shi kake yi, ba ka da hanyar nuna babu shi. In an gani, ga shi nan. In ba a gani ba, ka iya ɓoyo. 'Yan sanda ma sun tsayar da ni a hanyar Kachia, suka bincike ni da mashin da kula, ba su sami komai ba, suka ba ni haƙuri suka sallame ni. Kafin in iso gida labari ya riga ni cewa a cikin kujerar mashin nake ɗinke ta.

Na shiga zargin kowa. Na zargi Danjuma, na ce ramuwa ce don na ƙi saya. Na zargi maƙwabcinmu mai shagon siminti, domin katangarmu gajeriya ce, kuma ranar da nake ba mamanku labari na ji motsi a bayanta. Na zargi masinja, na zargi fasto kansa. Amma zuciyata kullum tana komawa kan Sajan, domin shi idan ya sha burkutu bakinsa ba shi da ƙofa. Na je na tambaye shi ido da ido. Yana tsinke citta, bai ɗago ba.

"Ba ni ba ne, suruki."

"To wa?"

"Na ce maka ba ni ba ne. Ka tsaya a nan."

Yadda ya ƙi kallona ya tabbatar mini da abin da nake zato.

Damina ta yi nisa lokacin da na ji ciwon huhu ya shiga shanun Ardo Jabbi. Na cika kula na kama hanya. Ban kai ga haye rafin ba na hango shi tsaye a wancan gefen, shi kaɗai, ya dogara da sandarsa. Bai taɓa fitowa tarona ba. Ya ɗaga hannu.

"Likita, tsaya daga nan."

Na kashe mashin. Muka gaisa da ruwa a tsakaninmu, ya tambayi iyali, na tambayi shanu. Sannan ya ce matansu masu kai nono kasuwar Kafanchan sun dawo da magana, wai likita yanzu da ƙaramar bindiga yake shiga ruga, tun ba yau ba. Na rantse masa da Allahn da muke bauta wa. Na fara cire maɓallan rigata.

"Mayar da rigarka, kai ba yaro ba ne," ya ce. "Yau babu, na gani. Gobe fa? Ni na san ka. Amma akwai samari a bayana da suka binne 'yan'uwansu bana, ba su san ka kamar yadda na san ka ba. In ka shigo wani ya taɓa ka, jininka a kaina. In kai ka taɓa wani, nan ma a kaina."

Na ce to ya karɓi maganin, in nuna masa yadda za su yi da kansu. Ya daɗe yana kallon kular.

"Za su ce me ke cikin allurar."

Ya juya ya hau gangaren. Na tsaya ina kallon bayansa har ya shige cikin dawa. Daga ranar babu rugar da ta sake kirana. Na koma duba aladu da kaji, da zaman ofis ina kallon bango. Daga baya na ji shanunsa sun yi ta faɗuwa, waɗanda na san su tun suna maruƙa.

Da kaka ta yi, aka sa bikin 'yar Sajan. Mamanku ta fito da ankon da za ta kai wa tela, ni kuma na ce babu mai taka Kagoma daga gidan nan. Na ce mutumin da bakinsa ya raba ni da aikina, ya kashe shanun bayin Allah, ba zan zauna a rumfar bikinsa ba, kuma ku ma na hana ku gaishe shi. Rifkatu, kina nan a ranar, kin tuna an kore ku waje. Ga abin da ya faru bayan an rufe ƙofa. Mamanku ta ninke atamfar, ta ajiye a kan gado, ta zauna a gefenta.

"Baban Rifkatu, ka bar Yaya. Ni ce."

Ban gane ba. Ta maimaita. Ta ce bayan taron zumuntar mata ta ja uwar yaron nan mai adda gefe, ta ce mata za ta faɗa mata wani sirri, kada ta gaya wa kowa: maigida ya sayi ƙaramar bindiga, kullum tana ƙugunsa, kuma tun abin da aka yi masa a shinge ba ya cikin hayyacinsa. Ta zaɓe ta ne domin ta san maganar ba za ta kwana ba. Sajan ya gano tun da wuri, ya zo ya yi mata faɗa, ta roƙe shi ya rufa mata asiri, shi ya sa ya ƙi kallona.

"Ka ƙi ɗaukar ta gaske, na kuma ji daɗi da ka ƙi," ta ce. "Amma kullum ka fita sai in kasa cin abinci. Na ce bari in ba ka wadda ba ta kashe kowa. Shingen nan kawai na nufa. Ban san za ta haye rafi ba."

Duk mutanen da na bi da mugun ido a watannin nan suka riƙa wucewa ta gabana ɗaya bayan ɗaya, ga kuma mai abin a ɗakina, ita ke zuba mini ruwan wanka. Na tambaye ta me ya sa ta yi shiru ranar da na dawo daga rafi. Ta ce ta ji tsoron in ta warware, samarin su dawo kaina. Ta ce ta auna shanu da mijinta, ta zaɓi mijinta, kuma ko yanzu aka mayar da ita ranar ba ta san ko za ta yi dabam ba. Mun je bikin. Na sami Sajan a bayan rumfa na miƙa masa hannu, ya riƙe ya ce in je in ci abinci kafin naman ya ƙare.

Bayan bikin da 'yan kwanaki, da safe, na fito na tarar da ita ta yi shiri, ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci, tana tsaye kusa da mashin.

"Kai ni wurin Ardo. Bakin da ya ɗaura shi zai kwance."

Na ce hanyar ba ta da kyau, kuma ba lallai su saurare ta ba. Ta ce ko ba su saurara ba, ta faɗa. Ba ta taɓa zuwa ruga ba a rayuwarta. Na ɗauke ta. A shinge aka janye mana itace kamar kullum, ta kawar da kai. Ruwan rafin ya ja baya, muka haye da ƙafa, tana riƙe da takalmanta a hannu. Tun daga gangaren na san akwai abin da ya faru, domin ban ji kukan maraƙi ba, ban ji ƙamshin hayaƙi ba. Bukkokin suna nan, wasu sun rufta. Turakun da ake ɗaure maruƙa suna tsaye, ciyawa ta fito a kan tsohon kashin shanu. Wani manomi da ke haƙar doya a kusa ya ce sun tashi tun kafin ruwa ya ɗauke, da abin da ya rage musu na dabbobi. Wasu sun ce Nasarawa suka nufa, wasu sun ce Bauchi. Babu wanda ya bar saƙo.

Mamanku ta tambaye ni wace ce bukkar Ardo. Na nuna mata. Ta je bakin ƙofar ta durƙusa kamar yadda ake gaida surukai, ta yi sallama, ta jira kamar za a amsa. Sannan ta faɗi abin da ta zo faɗa, da cikakkiyar murya, tun daga farko har ƙarshe, ba ta rage komai ba. Manomin ya daina haƙa yana kallonmu. Da ta gama ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwoyinta, ta ce mini mu tafi, rana tana yi.

Na yi shekaru ina tambayar masu shanu a kasuwar Kachia ko sun san inda Ardo Jabbi ya sauka. Har na bar aiki ban sami wanda ya sani ba.